Jirage marasa matuƙa a Illela: Dokar da ba ta iso bakin iyaka ba

A shekarun baya, idan aka ambaci jirgi maras matuƙi a ƙasar Hausa, abin da ke faɗo wa mai sauraro a rai shi ne makamin manyan ƙasashe da ake jin labarinsa a rediyo. Yanzu kuwa ƙaramin samfurinsa, wanda ke shiga jakar goyo, ya zama kayan aikin masu ɗaukar hoton biki, da masu shirya finafinai, da safiyoyi masu auna filaye, da 'yan siyasar da ke son nuna wa duniya yawan jama'ar da suka tara. Mafi ƙanƙanta a cikin irin waɗannan na'urori nauyinsa bai kai giram 250 ba, kuɗinsa bai wuce na babbar wayar hannu ba, yana yin kusan rabin sa'a a sama, kuma masu ƙera shi suna cewa yana iya nisan kilomita da dama daga hannun mai sarrafa shi.

A tsakiyar Kano ko Kaduna, wannan nisa ba ya fitar da na'urar daga cikin gari. A Illela kuwa, garin da ke kimanin kilomita 80 da ɗoriya arewa da birnin Sakkwato, nisan ya isa ya tsallaka da ita wata ƙasa. Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Saboda haka tambayar wa ke da izinin tayar da jirgi maras matuƙi, a ina, kuma da sanin wa, tana da nauyin da ba ta da shi a wasu garuruwan. Matsalar ita ce dokar da ake da ita an tsara ta ne da manyan kamfanoni a zuciya, ƙaramin mai sana'a ba ya iya cika sharuɗɗanta, don haka yake aiki a bayan idon hukuma, a wurin da jami'in tsaro ya fi buƙatar sanin na wane ne abin da ke shawagi a kansa.

Abin da doka ta tanada

A watan Mayun 2016 ne Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ta sanar da haramta tayar da jirgi maras matuƙi a sararin samaniyar ƙasar sai da izininta da kuma amincewar Ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Sharuɗɗan da aka bayyana a lokacin sun haɗa da mai nema ya kasance kamfani mai rajista da jarin da bai gaza Naira miliyan 20 ba, ya biya Naira 500,000 kuɗin duba takardu wanda ba a mayarwa, ya kuma miƙa buƙatarsa wata shida kafin lokacin da yake son fara aiki. Shigo da na'urar daga waje ma yana buƙatar takardar shaida daga ofishin tsaron, mai nuna wanda zai yi amfani da ita, kuma rashin wannan takarda ne ya sa Hukumar Kwastam ta sha sanar da kama irin waɗannan jirage a filin jirgin saman Legas.

Daga baya an sabunta tsarin. An sanya hannu a kan sabuwar Dokar Sufurin Jiragen Sama a 2022, sannan kundin ƙa'idojin NCAA na 2023 ya keɓe sashe na 21 ga jiragen da ake sarrafawa daga nesa, inda ya yi tanadin rajistar na'ura da shaidar cancantar mai sarrafa ta. Amma ginshiƙin tsarin bai sauya ba: ƙofofi biyu ne, ta hukumar jiragen sama da ta ofishin tsaro, kuma makullansu duka suna Abuja.

Ga matashin da ya tara kuɗi ya sayi na'ura ta hannu daga wani abokinsa a Sakkwato domin ɗaukar hoton ɗaurin aure da hawan Sallah, waɗannan ƙofofi sun yi nisa ƙwarai. Ba shi da kamfani, ba shi da lauya, kuma wanda ya sayar masa bai ba shi wata takarda ba. Abin da ya rage masa shi ne ya yi aikinsa yana fatan kada a tambaye shi. Idan doka ta fi ƙarfin mai son bin ta, sai mai gaskiya da mai mugun nufi su taru a layi ɗaya, babu sunan kowa a littafin hukuma.

Yadda kayan wasa ya zama makami

Tsaurin da hukumomin tsaro ke nunawa yana da dalili. Ƙungiyar ISWAP ta daɗe tana amfani da jiragen da ake saya a kasuwa wajen leƙen asiri da ɗaukar hotunan farfaganda a yankin Tafkin Chadi. A ranar 24 ga Disamban 2024 ta ɗauki sabon salo, inda ta kai hari a sansanin soji na Wajiroko da ke Ƙaramar Hukumar Damboa a Jihar Borno da jirage marasa matuƙa ɗauke da abubuwan fashewa. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Janairun 2025, rundunar Operation Haɗin Kai ta haramta tayar da irin waɗannan jirage a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, tana mai kokawa da yadda hukumomi da ɗaiɗaikun mutane ke amfani da su ba tare da sanin sashenta na sama ba. A watan Maris na shekarar, rahotanni sun sake ambaton irin waɗannan jirage a harin da aka kai wa sojojin Kamaru a Wulgo, inda gwamnatin ƙasar ta tabbatar da mutuwar sojoji 12. A Mali da Burkina Faso ma ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun rungumi wannan dabara.

Illela ba ta nesa da irin wannan barazana. A watan Nuwamban 2024 Hedikwatar Tsaro ta sanar da ɓullar Lakurawa a matsayin sabuwar barazana a Sakkwato da Kebbi, kuma Illela na cikin ƙananan hukumomin da aka ambata tare da Tangaza da Gudu da Binji da Silame. A watan Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Mayaƙan da ke kai da komo tsakanin Mali da Nijar da Najeriya ba sa rasa labarin dabarun da takwarorinsu ke gwadawa a wasu wurare. Jami'in da ke tsaye a shingen bincike a hanyar Illela ya san wannan, kuma idan ya ji ƙarar na'ura a kansa, daƙiƙoƙi kaɗan gare shi ya yanke hukunci ko hoton amarya ake ɗauka ko kuwa ƙirga yawan abokan aikinsa ake yi.

Su ma mutanen gari suna da nasu dalilin fargabar abin da ke fitowa daga sama. A ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri da ke Jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu. A ranar 25 ga Disamban 2024 wani harin sama da aka ce an auna Lakurawa ne ya yi sanadin mutuwar fararen hula 10 a wasu ƙauyuka biyu na Silame. Shekara guda cif bayan haka, a daren 25 ga Disamban 2025, Amurka ta kai hari a Jihar Sakkwato, gwamnatin tarayya ta ce dajin Bauni na Tangaza aka auna, yayin da ɓaraguzai suka faɗa a Jabo da ke Ƙaramar Hukumar Tambuwal. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A irin wannan yanayi, na'urar da ta bayyana ba zato a saman kasuwar Lahadi ta Illela, inda dubban mutane da garken shanu da raƙuma ke cakuɗe, tana iya haddasa turmutsitsin da ya fi ƙarfin abin da ta zo ɗauka.

Sama ma tana da iyaka

Mutanen Illela da na Ƙonni dangin juna ne, harshensu ɗaya, suna auratayya, kuma da yawansu ba sa ɗaukar tsallaka iyaka a matsayin tafiya. Dokar ƙasa da ƙasa kuwa ba ta san wannan zumunci ba idan aka zo batun sararin samaniya. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda Najeriya da Nijar duka suka shiga, ta fara ne da tabbatar da cikakken ikon kowace ƙasa a kan samaniyar da ke bisa ƙasarta. Sashenta na 8 ya hana jirgin da babu matuƙi a cikinsa shiga samaniyar wata ƙasa sai da izini na musamman daga ƙasar. An rubuta wannan tun kafin a yi mafarkin na'urar da ke shiga aljihu, amma hukuncin bai keɓe ƙarami ba.

Shekarun nan sun ƙara wa wannan sashe kaifi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, an rufe iyakar Illela, Nijar ta rufe samaniyarta na kusan wata guda saboda barazanar matakin soji daga ECOWAS, kuma ba a sake buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. A watan Disamban 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya zargi Najeriya, cikin wata hira da ya yi da harshen Hausa, da haɗa baki da Faransa domin dagula ƙasarsa, har ya ambaci wani daji a Jihar Sakkwato. Mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya musanta zargin. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. Komai gyaruwar da aka samu a tsakani daga baya, zargin leƙen asiri bai gushe daga zukatan masu gadin ɗaya ɓangaren ba.

Abin da ya faru tsakanin Mali da Aljeriya ya nuna yadda jirgi guda ke iya girgiza dangantakar ƙasashe. A daren 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilun 2025 sojojin Aljeriya suka harbo jirgi maras matuƙi na sojin Mali a kusa da Tinzawatan. Aljeriya ta ce ya kutsa samaniyarta da kimanin kilomita biyu, Mali ta ce tarkacensa a cikin ƙasarta ya faɗi. Ƙasashen ƙawancen Sahel uku, har da Nijar, suka janye jakadunsu daga Aljiyas, sannan Mali da Aljeriya suka rufe wa juna samaniya. Wancan jirgin yaƙi ne, ba a haɗa shi da na mai hoton biki. Darasin dai shi ne a bakin iyaka ana gardama a kan kilomita ɗaya ko biyu, kuma wanda na'urarsa ta faɗa a hannun jandarmomin Ƙonni da hotunan shingayen tsaro a cikinta, zai sha wahalar gamsar da su cewa iska ce ta kwashe ta.

Iskar kuwa gaskiya ce. Da damina tana kaɗawa ne daga kudu maso yamma, wato tana tura abin da ke sama zuwa ɓangaren Nijar. Da hunturu takan juyo daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da ke rage nisan gani, ta turo na Ƙonni zuwa Illela. Na'urar da ba ta kai giram 250 ba tana da iyakar ƙarfin iskar da za ta iya jurewa, idan aka wuce shi sai ta bi inda aka kai ta. Zafin bazara a Sakkwato yakan haura digiri 40, wanda shi ne iyakar da masu ƙera yawancin ƙananan jiragen suka gindaya, kuma baturin da ya yi zafi yana saurin ƙarewa ko ya kumbura. Balan-balan da fitilun takarda da ake saki sama a wasu bukukuwa sun fi haka rashin linzami, domin da zarar sun bar hannu babu mai iya juya su. Wata fitilar takarda irin wannan ce ta tayar da gobarar da ta kashe dabbobi sama da 30 a gidan namun daji na Krefeld a Jamus a daren shiga shekarar 2020, abin lura ga yankin da rumbuna da tarin kara da harawa ke cike da gidaje bayan girbi.

Katangar gida ba ta tare ido daga sama

Akwai wani haɗarin da ba a cika ambata a takardun hukuma ba, amma shi ne ya fi kusa da tayar da husuma a unguwa. Gidan Bahaushe an gina shi ne a kan sutura: zaure a gaba, katanga a kewaye, tsakar gida a buɗe ga sama, inda mata ke girki da wanki da hutawa ba tare da lulluɓi ba. Addini da al'ada sun hana baƙo wuce zaure sai da sallama da izini. Na'urar da ta tashi domin ɗaukar ayarin rakiyar amarya tana ganin tsakar gidaje goma a lokaci guda, kuma hoton yana iya ƙarewa a TikTok ko Facebook kafin magariba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta bai wa mutum haƙƙi a kan bayanan da suka shafe shi, amma magidancin da ya ga na'ura a saman gidansa ba zai jira kotu ba. Ƙa'idar da ba ta yi maganar wannan ba, ba ta san mutanen da aka yi ta dominsu ba.

Haramci kaɗai ba ya kashe wutar

Mafita mafi sauƙi ga hukuma ita ce a yi wa Arewa maso Yamma abin da aka yi wa Arewa maso Gabas, a haramta gaba ɗaya. An taɓa gwada makamancin haka a maƙwabciya Zamfara a watan Maris na 2021, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shawagin jirage a samaniyar jihar bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, kuma ta'addancin 'yan bindiga bai tsaya ba. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, cike da ɓarauniyar hanya. Wanda ya iya shigo da bindiga ta cikinta ba zai gagara shigo da na'urar da ke ɓuya a cikin buhun gero ba. Haramcin bai-ɗaya mai bin doka kawai yake kamawa.

Kuma akwai abin da za a yi asara. Jihar Kaduna ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Zipline a 2021 domin kai magunguna da alluran rigakafi asibitocin karkara da jirage marasa matuƙa, aikin da kamfanin ya fara a Ruwanda tun 2016. Yankin da hanyoyinsa ke da haɗari kamar gabashin Sakkwato ya fi kowa buƙatar irin wannan. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a Illela a watan Oktoban 2024, tana buƙatar masu aune-aune da ke aiki da waɗannan na'urori. Manoman rani na kewayen Tafkin Kalmalo za su amfana da taswirar ruwa da gonaki. Ga kuma matasan da ɗaukar hoto ya zame musu abin dogaro, musamman yanzu da harkokin zaɓen 2027 ke ƙara yawan tarurruka.

Wasu ƙasashen sun raba tsakanin mai nishaɗi da babban kamfani. A Amurka rajistar ƙaramin jirgi Dala biyar ce ta intanet, tana aiki shekara uku, mai wasa da shi yana yin gajeren gwaji kyauta, kuma ana tilasta wa yawancin na'urori su riƙa watsa lambar shaidarsu yayin da suke sama. Ƙa'idojin da galibin ƙasashe suka yi tarayya a kansu ba su da wuyar haddacewa: kada a wuce tsayin mita 120, kada na'ura ta ɓace wa idon mai sarrafa ta, kada a bi ta kan taron jama'a, a nisanci filayen jiragen sama da wuraren tsaro. Muhimmancin na ƙarshen ya bayyana a watan Disamban 2018, lokacin da rahoton ganin jirage marasa matuƙa ya tsayar da filin jirgin Gatwick na Ingila, aka soke tashi da saukar jirage kusan 1,000, fasinjoji kimanin 140,000 suka maƙale. Filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato, inda alhazai ke tashi, yana buƙatar irin wannan kariya.

Abin da ya kamata a yi

Mataki na farko shi ne a kawo rajista kusa. NCAA da ofishin tsaro suna iya ware rukuni na musamman ga ƙananan na'urori, mai araha, wanda za a kammala da lambar shaidar ɗan ƙasa a wani ofishi a Sakkwato ko ta wayar hannu, a liƙa wa kowace na'ura lamba. A ba da wa'adin afuwa ga waɗanda suka riga suka mallaka ba tare da takarda ba, domin burin shi ne a san su.

Na biyu, a shata wani zirin ƙasa a bakin iyaka da kewayen shingayen tsaro da barikoki inda babu mai tayar da komai sai da rubutaccen izini, a bayyana faɗinsa da sunayen garuruwa da unguwanni, a sanar da Hausa ta gidajen rediyo da masallatan Juma'a da fadar hakimai. Haramcin da aka san iyakarsa ya fi sauƙin bi da sauƙin tilastawa.

Na uku, a samar da hanyar sanarwa ta cikin gida. Mai hoton da zai yi aiki a biki ya shaida wa ofishin 'yan sanda da mai unguwa kwana ɗaya kafin ranar, su kuma su isar wa sojoji da jami'an kwastam da na shige da fice. Ƙungiyoyin masu ɗaukar hoto za su iya tsayawa wa mambobinsu, su kuma sanya sharaɗin neman yardar maƙwabta kafin a bi ta saman gidajensu.

Na huɗu, a buɗe magana da ɗaya ɓangaren. Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, ta girmi rikicin ECOWAS, kuma mahukuntan Illela da na Ƙonni sun saba zama a kan satar dabbobi da rikicin manoma da makiyaya. Yarjejeniya mai sauƙi kan yadda za a yi da na'urar farar hula da ta ɓata hanya, da lambar wayar da za a kira kafin a ɗauki mataki, za ta iya hana ƙaramin kuskure zama babban zargi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da zai hana ɗan ta'adda mallakar jirgi maras matuƙi. Amfaninsu shi ne su rage yawan abubuwan da ba a san masu su ba a samaniyar Illela, ta yadda duk wanda ya bayyana babu lamba, babu sanarwa, a wurin da aka hana, jami'in tsaro zai san abin da yake fuskanta. Borno sai da aka kai hari kafin a waiwayi batun, shi ya sa ba ta samu zaɓin da ya wuce haramci ba. Sakkwato har yanzu tana da sararin tsara nata cikin natsuwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.